Ruwan Randar Suruka

Ku da kuke tsayawa bakin shagona kuna cewa in koya muku aikin batir kafin damina ta faɗi, ku matso ku ji. Ranar kasuwa wani cikinku, mai askin nan kamar an fara an fasa, ya tambaye ni wai me ke cikin aikin in ba zuba ruwa da maƙala waya ba. Ban ji haushinsa ba. Ni ma lokacin da na ƙetaro gulbi daga Gaya zuwa Malanbil, ko gashin baki ban fara ba, abin da na ɗauka ke nan.

Batir na farko da na taɓa na wata babbar motar albasa ne, a tashar da ke kusa da gada. Maigidana Sanda, wanda na koyi aiki a hannunsa, ya ce in sauke shi in kai rumfa. Ranar farko ce, na ci ado da rigata mai kyau guda ɗaya tilo, na rungumi batir a ƙirji don direbobi su ga ƙarfina. Sanda yana kallona, ya ƙyale ni na wuce. Washegari da na wanke rigar na shanya, sai na ga gabanta ya zama rariya, asid ya cinye. Na je masa da ita a hannu ina neman yin kuka. Ya ce, "Da na hwaɗa maka, da ka mance. Yanzu riga ta hwaɗa maka." Ya kuma sa na ci gaba da aiki da ita a haka, 'yan mata masu sayar da fura suna wucewa suna rufe baki. Tun daga ranar ban sake ɗaukar batir ya taɓa jikina ba.

Kayan aikinmu ba su cika jaka ba. Akwai mita mai waya biyu, akwai buroshin ƙarfe na goge kawunan batir, da ruwan kanwa na wanke farin garin nan da ke taruwa a kansu, da man basilin da ake shafawa bayan an ɗaure. Babba cikinsu shi ne ma'aunin asid, doguwar kwalba mai robar matsawa a kai. Ka zuƙo ruwan batir da ita, ɗan abin da ke ciki ya taso. In ya tsaya a kore, lafiya lau. In ya nutse zuwa ja, to ka fara lissafin abin da za ka faɗa wa mai kaya. Mita tana iya yi maka ƙarya, ta nuna wuta cike alhali batir fanko ne. Kwalba ba ta yi. Kowane batir yana da ramuka shida, kuma kowane rami sai ka auna shi shi kaɗai, don rami ɗaya in ya lalace ya ja sauran ƙasa. Na daɗe ina wanke wa Sanda kwalbar nan kafin ya yarda in zuƙa da ita.

Aikin da na fi ƙi a gidansa shi ne tarar ruwan sama. Ba ruwan farko ba, sai an yi wanda ya wanke sama tukuna. Sannan in jera robobi a tsakiyar fili, nesa da indararo, nesa da kwano, in tsaya cikin ruwa ina gadi kada akuya ta sa baki. A tace da ƙyalle mai tsabta, a ɗura a jarkokin roba, a ɓoye don rani. In ya ƙare sai a sayi ruwan tururi da ake kawowa daga Kwatano. Wata rana na gaji na tambaye shi me ya sa ba ma ɗebowa a rijiya, ga ta nan garau. Ya ce in buɗe butar shayinsa in leƙa. Na ga farin ɓawo ya lulluɓe cikinta. Ya ce, "Wanga daga ina yah hito? Daga ruwan da kac ce garau. Haka shika yi ma batir, sai dai can ba ka iya kankarewa." Ruwan rijiya, ruwan gulbi, ruwan famfo, ruwan leda, duk suna ɗauke da gishiri da ƙarfen da ido ba ya gani. Cikin mutum yana iya da su, cikin batir ba ya iyawa.

Da sola ta shigo gari, wani mai cajin wayoyi a bakin kasuwa ya kawo mini manyan batura biyu, ko shekara ba su yi ba sun mutu. Yana ta rantsuwa an sayar masa da jabu. Na bi shi rumfarsa na ga yadda yake yi. Ya cire ɗan akwatin da ke tsakanin farantin sola da batir, wai yana kashe masa wuta tun kasuwa ba ta watse ba, ya haɗa kai tsaye. Kullum sai ya tatse batura har fitila ta yi ja, sannan da safe, rana ba ta gama cika su ba, ya sake hawa kansu. Batirin sola ba na mota ba ne. Na mota yana ba da ƙarfinsa gaba ɗaya a tashi guda, inji ya mayar masa nan take. Na sola jakin ɗiban ruwa ne, wuni yake yana ja a hankali. In kana so ya daɗe, kada ka sha fiye da rabinsa, kuma kada ya kwana biyu bai cika taf ba, don in ya saba zama da yunwa farantan dalmar da ke ciki sai su yi farin gishiri su ƙi karɓar caji. Ka ajiye shi a inuwa inda iska ke ratsawa, ba kusa da murhu ba. Kada ka haɗa tsoho da sabo. Ruwa kuwa, sai bayan ya cika caji ake ƙarawa, kuma iyakarsa ya rufe faranti da kaurin yatsa. Na faɗa wa mai cajin nan duk wannan a gaban abokan cinikinsa, ban rage masa komai ba, don ni a kan batir ba na tauna magana. Da wannan bakin aka san ni a Malanbil.

To akwai gida ɗaya da bakin nan bai yi mini rana ba, gidan surukata a Madekali.

Matata Rabi ita ce 'yar farinta. Mijin tsohuwar ya rasu ya bar ta da jikoki marayu a gabanta. Ɗanta Isufu, direban babbar mota tsakanin Kwatano da Yamai, shi ya saya mata farantin sola da batura huɗu da firiza, don ta riƙa sayar da ƙanƙara da ɗaurin zoɓo, ta daina jiran aike. Ni na haɗa mata da hannuna a wani ɗaki mai taga biyu. Sana'a ta karɓe ta. Lokacin zafi har daga gonakin shinkafa ake zuwa sayen ƙanƙararta, da ita ake cin tuwo a gidan, da ita ake sayen maganin yara.

Ku yaran yanzu kuna gaisawa da surukanku ta waya kuna dariya, ba za ku gane ba. Ni tun da na auri Rabi ban taɓa ganin fuskar uwarta sosai ba. In na yi sallama na cire takalmi tun daga zaure, kafin in shigo ta shige ɗaki ta saki labule. In durƙusa a bakin ƙofa mu gaisa, ni ina kallon ƙasa, ita tana bayan labule. Ba ta taɓa kama sunana ba. In za ta ambace ni sai ta ce "mai gidan waccan." In na shiga ɗakin batura, sai in tarar an ajiye mini kwanon sha a rufe da faifai, in ji muryarta daga nesa tana cewa, "A sha ruwa, an sha hanya." In ce, "An gode, Allah shi ƙara girma." Ruwan nan kuwa babu irinsa a Madekali. Daga gulbi ake ɗebo shi, ta jefa alif datti ya kwanta, ta tace, ta zuba a randar da ta turara, ta sa saiwar jema. Manyan baƙi kaɗai take ɗebar wa daga randar nan, kuma ni ina cikinsu.

Wata zuwa da na yi, na buɗe murafen batura don in ƙara ruwa, sai na tarar da su cike har baki. Lokacin zafi ne, ya kamata a ce sun sha ƙasa. Saman baturan ya jiƙe, kawunan sun yi fari, asid ya ci simintin da ke ƙarƙashinsu. Na zuƙa da kwalba, abu ya tsaya tsakanin kore da ja. Ruwa ba ya tsami banza. Na kai hancina bakin rami, a bayan warin asid sai na ji wani ƙamshi da na sani. Na waiwaya na dubi kwanon da aka ajiye mini, ƙamshinsu ɗaya.

A gida Rabi ta warware mini. Ashe tsohuwar ta leƙo ta taga ta ga ina durƙushe ina ɗura ruwa, abin ya dame ta. Ta ce wa maƙwabciyarta bai kamata mijin 'yarta ya riƙa hawo kabu-kabu tun daga Malanbil don ya yi mata aikin da ko ita za ta iya ba. Sai ta ɗauke mini. Kuma da yake kayan ɗanta ne, aikin surukinta ne, ba za ta ba su ruwan wanke-wanke ba. Ruwan randar baƙi take ba su, kuma ta cika har baki, don a wurinta ba a ba wa baƙo rabin kwano. In rana ta yi caji ya tafasa, asid ya malalo waje, ta ga sun ragu, ta ƙara. Asid na fita, alif da gishirin gulbi na shiga.

Na ce wa Rabi ta gaya mata. Ta dube ni kamar na ce ta hau sama. Ta ce, "Ni ɗiyar hwari? Ko sunana ba ta kamawa, in na zamna nan sai ta tashi can. Ni za ni ce mata aikinta ɓanna na? Kai da kake da bakin hwaɗa ma kowa gaskiya, tahi ka hwaɗa mata." Na kira Isufu a waya yana hanya. Ya kira ta ya ce ta kula da batura yadda na ce. Ta ce masa ya kwantar da hankalinsa, tana kula da su fiye da yadda yake zato.

Sai na shiga kewaye-kewaye. Na kai jarkar ruwan tururi na ajiye a bakin labule, na ce, "Ga ruwa nan an kawo, na batir na, shi kaɗai suka sha." Ta sa albarka har na ji nauyi. Da na dawo na tarar da batura cike da ƙamshin jema, jarka kuwa tana ɗakinta an lulluɓe da zane. Ruwan da suruki ya saya da kuɗinsa ya ɗauko tun daga birni, ai ba a zubar da shi a cikin akwatin roba. Na naɗe murafen da salatif. Aka ɓare a hankali, aka zuba, aka mayar da shi daidai yadda na naɗa. Na ce a bakin labule, "Da an bar wahala da baturan ga, ni ina zuwa." Ta ce, "Babu wahala. Wahala tana ga mai hawo mashin cikin rana." Na buɗe baki in ce ruwan ne ke kashe su, sai na ga ƙafafunta ta ƙarƙashin labule, ta haɗe su wuri ɗaya kamar yarinya a gaban malami. Na ce, "Allah shi saka da alheri," na tashi. A kan hanyar dawowa har mai kabu-kabu ya tambaye ni ko da shi nake, don ina ta zagin kaina a fili.

Ana cikin haka aka rufe gadar kan iyaka. Wanda bai ga Malanbil a shekarar nan ba bai san zaman banza ba. Manyan motoci suka yi layi har ido ya gaji, baturansu na mutuwa a tsaye. Aiki ya yi mini yawa, mai biya babu. Masu zuwa mini daga Gaya suka ɗauke ƙafa. Motar Isufu na cikin layin, shi kansa a gidana yake cin tuwo. Ba shi da halin sayen batir ko ɗaya, ni ma haka. A daidai lokacin firizar Madekali ta fara narkewa kafin asuba, ga azumi na matsowa cikin tsananin zafi, lokacin da mai ƙanƙara ke samun na shekara.

Na ɗauko baturan huɗu a keken kaya zuwa shago, na ce za a yi musu wanki. Ku riƙe wannan: ba a ƙara wa batir asid, ruwa kaɗai yake rasawa. Sai fa in an gurɓata shi, kamar waɗannan. Na cika su caji a hankali, na juye ruwan cikinsu a ramin da na zuba toka, na ɗauraye da ruwan tururi, na haɗa sabon asid daidai awo na zuba. Na sa su a ƙaramar wuta, ina aunawa rami rami, ina taɓa jikinsu kada su yi zafi. Biyu sun ƙi. Farantansu sun zube, ruwan ya fito kamar kunun kanwa. Biyu suka taso, ba kamar da ba, amma za su riƙe firiza in ba a yawan buɗe ta. Na mayar da su na haɗa. Na ce a raina bayan waɗannan babu wasu, in sun tafi sana'ar ta tafi. Amma da na durƙusa bakin labule, abin da ya fito daga bakina shi ne, "An gyara, sai a yi hattara da su." Ta ce, "Za a yi."

Hankalina bai kwanta ba, bayan 'yan kwanaki na koma ba tare da na aika ba. Da hantsi ne, ana daka a tsakar gida, sallamata ta ɓace cikin ƙarar turmi. Mata sun taru da kulolinsu suna jiran ƙanƙara. Na wuce kai tsaye ɗakin batura. Surukata tana nan durƙushe, ba mayafi, ta jera murafen a kan faifai, moɗa a hannunta cike, ta karkata ta a bakin ramin farko.

Ban san lokacin da na yi tsalle ba. Muryar da nake yi wa 'yan koyo ita ce ta fito. "Ke! Aje wanga! Ke ce kika kashe biyun, yanzu za ki kashe sauran? Ruwanki guba na gare su!" Na fizge moɗar daga hannunta har ruwan ya watsu a zanenta.

Daka ya tsaya. Mata suka leƙo ta taga. A karo na farko na ga fuskar surukata gaba da gaba: 'yar tsohuwa ce ƙarama, da tsagen gado a kumatu, idonta irin na Rabi sak. Ta dube ni, ta dubi moɗar a hannuna. Ta laluba kafaɗarta tana neman mayafin da babu. Sannan ta miƙe, ta bi ta gefena ta fita, matan suka buɗa mata hanya. Na tsaya riƙe da moɗa kamar ɓarawon da aka kama da kaya. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na mayar da murafen, na fita ta gaban matan nan, na manta takalmina a zaure sai da na kai bakin hanya.

Na aika dattawa biyu da goro su ba da haƙuri. Suka dawo suka ce ta ce babu komai, mai sana'a ya fi kowa sanin sana'arsa. Rabi ta yi kwanaki ba ta dube ni ba. Isufu ya ce in bar zancen, tunda batura sun tsira. Sun kuwa tsira. Ba ta sake taɓa su ba. Sun fitar da ita azumi, sun fitar da ita shekarar gaba ɗaya, ba a rasa tuwo a gidan ba. A duk baturan da na ceto a rayuwata babu waɗanda na yi wa aiki mai kyau kamar su, kuma babu waɗanda ba na son tunawa kamar su.

Sai da lokacin ƙarin ruwa ya yi na tattara ƙarfin hali na koma. Na yi sallama da ƙarfi tun daga waje, na daɗe a zaure ina cire takalmi, don in ba ta lokacin shiga ɗaki. Da na shigo, tana zaune a kan kujera a tsakar gida tana ɗaure zoɓo. Ba ta tashi ba. Labulen ɗakinta a ɗage yake. Na durƙusa daga nesa na sunkuyar da kai na fara gaisuwa, ta amsa a gajarce, yadda ake amsa wa mai gyaran famfo. Ta shiga ta fito da jarkar ruwan tururin nan, har yanzu ba a buɗe ta ba, ta ajiye a gabana. Ta dube ni cikin ido, ba fushi a fuskarta ko kaɗan, ta ce, "Hamidu, ga ruwanka. In ka ƙare ka jawo mani ƙohwar."